Odar Mai Tsani

9 ga Janairu

Ɗana,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da jaririyar da har yau hotonta kawai na sani. Mu nan lafiya, in ka cire gwiwa da ido, su ma ba wanda ya tambaye su.

A irin wannan watan ne mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, ya zo har ajin da nake koyarwa a kwalejin fasaha, ya tsaya a bakin ƙofa ɗalibai na kallonsa, ya ce in zo in riƙe masa shagonsa na kayan lantarki na ɗan lokaci. Na ajiye alli na bi shi, don yaya ne. Ɗan lokacin nan shi ya cinye mini ƙuruciya da digiri da gashin kai. Waɗanda na koya wa lissafin wutar lantarki yau su ne manya a ma'aikatu, ni kuwa ina nan ina auna waya ina yankawa. Ba kuka na zo yi maka ba. So nake ka san cewa a gidanmu yanke hukunci a kaina ba tare da an tambaye ni ba gado ne, kuma ka gaje shi cif.

Da rabin shagon ya dawo hannunka, ka ce za ka buɗe mana shafin sayarwa a intanet daga can inda kake aiki, ban hana ka ba. Mai son ƙwan fitila biyu da soket ya danna ya biya a kai masa, ba ruwana. Amma wa ya ce ka kora mini masu aikin wayarin zuwa can? Ka aika musu saƙo cewa daga yanzu farashin sari sai ta shafi. Ni kuwa a bakin direban kai kaya na ji.

Ka san yadda nake yi da masu sari? Mutum ya zo ya zauna a bencin nan da ke ƙarƙashin naɗe-naɗen waya, ya faɗi abin da yake so. In tambaye shi wane irin gini ne, me za a ɗora wa layin, yaya nisansa da mita. Sannan in ce masa wannan ta yi, ko ba ta yi ba. Abin da suke saye a wurina ke nan. Waya kam ko'ina akwai ta.

Makon jiya wani sabon ɗan kwangila ya shiga shafinka, ya zaɓi siririyar waya, ya biya da kati. Takarda ta fito a sito, mai sito ya fitar, direba ya kai. Ashe tanderun gidan burodi zai ja wa wuta. Da aka kunna, roba ta narke, hayaƙi ya cika wurin. Allah ya tsare ba wanda ya ƙone. Mai gidan burodin bai je ya zagi intanet ba. Nan ya zo, ya tsaya a gaban kantata yana nuna ni da yatsa, wai mun sayar da abin da zai kashe masa ma'aikata. Ni da ban ma san an yi cinikin ba.

Ka tuna Mai Tsani? Dogon nan mai farar akori-kura da tsani ɗaure a samanta, wanda yake ɗaga ka sama kana ƙarami wai ka taɓa fanka. Rabin masu wayarin da ke shigowa shagon nan shi ya koya musu aiki ya yaye su, inda ya saya nan suke saye. Jiya ya miƙo mini wayar hannunsa yana dariya, ya ce, “Malam, ɗanka ya ce in riƙa yi maka magana ta gilashi. Kai ne ka tsufa ko ni?” Na taya shi dariya don kada ya ga fuskata. Ranar da muka rasa cinikin mutumin nan, ka zo ka kwashe kantoci ka sayar.

Ga abin da nake so. Kada kayan mai sari ko ɗaya su sake fita daga sito sai na ga odar da idona.

Kuma kada ka kira ni. In ka kira sai in ji kana tafiya a titi kana “to Baffa, to Baffa”, ka kashe ba ka ji komai ba. Zauna ka rubuto.

Baffanka.


24 ga Janairu

Baffa,

Ina gaisuwa da fatan an tashi lafiya. Yaya Umma, yaya gwiwar? Maiɗakina na gaishe ku. Jaririya ta fara haƙori, ba mai barci a gidan nan.

Maganar gidan burodi ta tayar mini da hankali, kuma ban ji daɗin da mutumin ya yi maka rashin kunya ba. Ka yi haƙuri. Ya kamata in faɗa maka kafin in aika wa masu sari saƙon nan. Ban yi don in ture ka ba. Matasan cikinsu da sassafe suke yin oda kafin su fita aiki, kuma babban shagon nan na bakin titi ya daɗe yana karɓar tasu ta waya. Tsoro na ji kada su zare ɗaya bayan ɗaya muna zaune. Maganar Baba da kwaleji kuwa, ban san me zan ce ba, Baffa. Ba a haife ni ba lokacin.

Abin da ka nema zai yiwu. Shafin yana da hanya uku ta karɓar odar mai sari in ya iso wurin biya. Ta farko ita ce wadda muke kai: ya zaɓa, ya biya, oda ta wuce sito. Ta biyu, kowace oda ta tsaya. Ba a cirar masa komai, ba a fitar da kaya, sai ka buɗe kwamfuta ka duba ka danna amincewa. Shi kuma a wayarsa zai ga an rubuta “ana jiran amincewa”. Ta uku, a raba. Sababbi irin ɗan kwangilar nan tasu ta tsaya, tsofaffin hannu irin su Baba Mai Tsani tasu ta wuce kai tsaye.

Ni dai ta ukun nake gani. Baba Mai Tsani ya fi shafin sanin waya, ya fi ni, ban ga dalilin da za a tsayar da shi ba. Kuma za ta rage maka aiki. Ka faɗa mini waɗanda ka yarda da su kawai, in saita. In ka ga dama ma ni sai in riƙa leƙawa daga nan, in wani abu ya daɗe a tsaye in sanar da kai.

Ɗanka.


6 ga Fabrairu

Ɗana,

Takardarka ta iso. Maiɗakina, Ummanka, ta ce a goga wa yarinyar tsumma mai sanyi a dasashi. Gwiwa na nan yadda take. Likita ya ce a ƙarshen wata zai ɗan taɓa idon hagu, ba wani abu ba ne.

Na karanta hanyoyinka uku. Wato so kake in zauna in raba mutanena gida biyu, waɗanda na yarda da su da waɗanda ban yarda da su ba. Ka ɗauka gudun ɓarayi nake yi? Ba ka gane komai a takardata ba. Ba don rashin yarda nake duba oda ba, aikin ke nan. Mai Tsani ma ido biyu gare shi kamar kowa. Ya sha zuwa nan a gajiye ya faɗi abu, in ce masa, “Tsaya, ba ka ce akwai injin jan ruwa a layin nan ba?” Ya dafe goshi ya ce, “Kai, Malam, shi ya sa ba na zuwa wani wuri.” Yanzu kai daga can, kana jijjiga jaririya da hannu ɗaya, za ka cire ni daga tsakanina da shi, wai don ka rage mini aiki. Mahaifinka ma haka ya ce. Wai koyarwa wahala ce, shago hutu ne.

Ka ce ya fi shafin sanin waya. To ni fa? Ni ba ka sa ni a lissafin ba. Kwamfutar nan da ka aiko, da ke kan teburina lulluɓe da ƙyalle, na san abin da ke gudana a cikinta tun kafin a yi maka aski na farko. Rashin amfani da abu ba rashin sani ba ne.

Ta biyu nake so. Kowa ya tsaya. Ba babba ba yaro, ba tsoho ba sabo.

Batun leƙawa kuma, na gode. Ba na bukatar mai gadi. Ka cire hannunka daga odar mutanena gaba ɗaya. Ka riƙe masu ƙwan fitilarka, ka bar mini nawa. In ina so a taimake ni ina da baki.

Baffanka.


17 ga Fabrairu

Baffa,

Ina gaisuwa. A gaida Umma, mun gwada tsumman, ya taimaka. Allah ya ƙara sauƙin idon, a riƙa ɗiga magani a kan lokaci.

Na yi yadda ka ce. Daga yau kowace odar mai sari za ta tsaya sai ka amince. Kalmar sirrin na jikin ƙaramar takardar da na haɗo, kai kaɗai ke da ita. Na cire kaina, ba wani saƙo da zai sake zuwa mini a kansu.

Abu ɗaya kawai, Baffa. Kwamfutar ba ta ƙara, ba ta kira. In oda ta shigo shiru take zama. Sai ka buɗe kullum da safe.

Ɗanka.


29 ga Maris

Ɗana,

Ban san ko kuna lafiya ba, tunda ba wanda ya rubuto. Ni dai ina raye. Da tabarau baƙi nake rubuta wannan, in ka ga layin ya karkace ka san dalili.

Ka zauna ka karanta abin da shafinka ya yi.

Na bi maganarka. Kullum da safe in ɗage ƙyalle in buɗe, in duba, in kira wanda ya kamata in kira, in danna. Har wani na hana shi sayen abin da ba ya bukata. Sai ranar asibiti ta zo. Aka cire mini yanar ido. Likita ya ce kwana kaɗan ne, amma idon ya kumbura ya yi ja, aka sake mayar da ni. Aka hana ni haske, aka hana ni karatu, balle gilashin kwamfuta. Ummanka ta rataye bargo a taga, na zauna a ɗaki kamar kaya a sito, ba abin da nake ji sai ƙarar firiji da rediyon maƙwabta. Na bar wa mai sito shago, na ce in an tambaye ni ya ce ba na nan, don ba na son a zo a jeru a kaina ana sannu. Ban ba shi kalmar sirri ba. In zai danna amincewa bai san me yake dannawa ba, me ya raba mu da inda muka fito? Na san dai in wani abu mai muhimmanci ya taso za a neme ni, kamar yadda ake yi tun kafin a san intanet.

A cikin kwanakin nan ne Mai Tsani ya sami aikin da ya daɗe yana nema, wayarin ɗin sabon ginin kwanan ɗalibai, hawa uku. Ya bi umarninka kamar yaron kirki. Ya sa 'yarsa ta nuna masa yadda ake dannawa, ya zaɓi waya da bututu da akwatunan makunni, ya iso wurin biya. Sai gilashi ya ce masa “ana jiran amincewa”. Ya jira. Washegari haka. Ya tara ma'aikata a ginin, masu shafe suna jiran a binne bututu su rufe bango, mai ginin yana zagayawa yana duba agogo. Ya kira shago. Mai sito ya ce masa, “Malam ba ya nan, kuma ya ce kowa sai ya jira amincewarsa.” Ya ce, “Har ni?” Mai sito ya ce, “Ya ce kowa.” Ya kashe waya. Bai kira tawa ba. Ya juya akori-kurarsa ya nufi babban shagon bakin titi, suka loda masa kaya a ranar, har da ruwan sanyi suka ba shi.

Ni duk ban sani ba sai shekaranjiya da na ɗage ƙyalle na ga odarsa a sama, ta yi makonni tana kallona, da na yaransa a ƙarƙashinta a jere.

Wa ya zaɓi kalmar nan? Amincewa! Mutumin da ya ɗauki makarar mahaifinka a kafaɗarsa, kai ka sa na'ura ta ce masa ana tunanin ko za a amince da shi. Ni dubawa na ce. Kuma kana can, wata guda ba ka ji ɗuriyata ba, bai zo maka a rai ka tambaya ba? Na rubuta maka baƙi da fari cewa za a taɓa mini ido. Ka ce in ɗiga magani.

Baffanka.


10 ga Afrilu

Baffa,

Ina gaisuwa. Sannu da jiki. Wallahi sai da na zauna a kan matakala da na karanta cewa tiyata aka yi maka. Na kira Umma, ta ce kai ka hana ta faɗa mini.

Amma Baffa, yau zan yi magana, ka yi haƙuri da ni. Ka rubuta “zai ɗan taɓa idon hagu, ba wani abu ba ne”, a bayan maganar dasashi da maganar gwiwa. Wane ne zai karanta wannan ya gane wuƙa za a sa maka? Na ce a bar Baba Mai Tsani ya wuce, ka ce kowa. Na ce in riƙa leƙawa, ka ce ba ka bukatar mai gadi. Na ce kwamfutar ba ta kira. Ka hana ni kiranka, ka hana Umma magana, ka hana mai sito magana, ka riƙe kalmar sirri ka shiga ɗaki ka rufe taga. Yanzu ni ne mai laifin shirun?

Rubutun nan na “ana jiran amincewa” haka ya zo da shafin, kuma na faɗa maka shi tun a takardar farko. Na yarda ya kamata in canza shi, ban yi tunanin yadda dattijo zai ji shi ba. Wannan nawa ne. Saƙon da na aika wa masu sari ba da saninka ba, shi ma nawa ne. Amma abin da Baba ya yi maka a kwaleji ba ni na yi ba, kuma na gaji da biyansa a kowace takarda.

Ka bar ni in kira Baba Mai Tsani in ba shi haƙuri, in ce laifina ne duka, ban damu ba. Kuma ka bar ni in mayar da shafin hanya ta uku kafin sauran su bi shi.

Ɗanka.


26 ga Afrilu

Ɗana,

Muna lafiya. Idon ya washe, yanzu ina ganin har ƙurar da ke saman kanta. Na ga ka iya rubutu in ranka ya ɓaci. Da haka kake tun farko da mun fi fahimtar juna.

Ba sai ka kira shi ba. Na je da kaina.

Na same shi a hawa na biyu na ginin, da gwiwar nan tawa na hau. Ko'ina ƙurar siminti, wayoyi na leƙowa daga bango, ba tamu ba ce, na gane daga launin robar. Yana kan tsani yana ɗaure wani abu a silin. Ya gan ni, bai sauko ba.

Na ce, “Sauko mana, ko sai na hau?”

Ya ce, “A'a Malam, ina jiran amincewa.”

Ma'aikatansa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Na shanye. Na ce ya san ni, ya san ba na wulaƙanta mutum. Na ce na'ura ce ta rubuta, ba ni ba.

Ya ce, “Na'ura ce ta ce wa mai sitonka kowa? Na tsaya a nan mai gini yana tambayata ko shagon da nake ta yabo ba su yarda da ni ba ne. A gaban yaran nan ya tambaye ni. Me zan ce masa?”

Na ce ba na nan ne shi ya sa. Ya ce ina na je da waya ba ta zuwa. Sai na cire tabarau, don ya ga da idonsa. Har lokacin da sauran ja.

Nan ya sauko. Ya matso ya duba fuskata, ya ce, “Me ya same ka?” Na faɗa masa. Ya ce, “Yaushe?” Na faɗa masa. Na ɗauka shi ke nan, zai dafe goshi yadda ya saba, mu yi dariya. Sai na ga ya ja baya.

Ya ce, “Aka kwantar da kai, aka yanka maka ido, ka yi makonni a ɗaki, ni ina wucewa ta ƙofar gidanka safe da yamma, ban sani ba?”

Na ce ban faɗa wa kowa ba.

Ya ce, “Kowa. To, na ji. Ashe mai sito bai yi ƙarya ba.” Ya goge hannunsa a wando. “Da kaya ne kawai, Malam, da na gama fushina na dawo, waya ce, ba uwata ba. Ni na ɗauka in ka kwanta ni zan kai ka asibiti. Allah ya ƙara sauƙi. Ka kula da matakalar, ba a sa mata ƙarfe ba tukuna.”

Ya hau tsaninsa. Na tsaya kaɗan ko zai waiwayo, ya kira wani ya miƙo masa filaya. Na sauko ina dafa bango.

Kada ka rubuto ka ce mini ka faɗa. Kai ka kawo gilashi tsakanina da mutanena, ba don kai ba da ya zo ya zauna a benci, mai sito ya kasa haɗa ido da shi, kafin la'asar yana bakin gadona yana zagina. Wannan ba za ka goge shi da hanya ta uku ba. Ka saita shafin yadda ka ga dama, ta ɗaya, ta uku, ta goma. Na mayar maka da kalmar sirrinka a cikin ambulan ɗin nan.

Mai Tsani ya yi yarjejeniya da babban shagon bakin titi, yaran da ya yaye duk sun bi shi. Tun ranar bai sake shigowa ba, kuma bai kira ba.